Labulen Rowan Nuske

Fiye da shekara ashirin labulen nan ya yi a rufin garejina, a naɗe cikin tamfol, a saman tsofaffin tayoyi. Matata ta sha cewa in sauko da shi in ƙone, ɓeraye kawai yake tara mana. Ban ƙone ba, ban kuma taɓa gaya wa Rowan cewa yana wurina ba. Sai makon jiya muka sauko da shi, ranar da za mu binne Rowan.

Rowan Nuske ɗan Wirrabil ne, kamar ni. Garin alkama ne da tumaki a yankin Wimmera, mashaya ɗaya, coci biyu, da filin ƙwallo da ya fi garin kansa samun kulawa. Gonarsu tana jikin tamu. Tun muna firamare muke buga ƙwallo irin ta ƙasarmu, wadda ake kamawa da hannu a kuma harba da ƙafa, a bayan rumbun alkama na gari, ni in harba ta sama, shi ya daka tsalle ya cafke. Ba shi da gudu ko kaɗan. Malamin wasanninmu ne ya laƙaba masa Tarakta, wai a hankali yake tashi, amma in ya tashi ba abin da ke tare shi. Sunan ya bi shi har kabari.

Yana da shekara sha takwas wani babban kulob na Melbourne ya ɗauke shi. Ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba. Kore da fari suke sawa, wannan ya isa. Bayan shekara guda na bi shi birni, na samu aiki a shagon taya, muka kama ɗaki ɗaya. Shi yake dafa abinci, kullum naman rago da dankali, ni nake wanke kwanuka.

Tunda ban iya ƙwallo ba, sai na shiga cikin masu haɗa labule. Kowane mako magoya baya kan taru su haɗa ƙaton labule na takarda mai laushi da salatif, tsayinsa ya fi gida, a rubuta masa kirari. Ranar wasa a ɗaga shi da dogayen sanduna da igiyoyi, 'yan wasa su sheƙo da gudu su ɓarka shi su shiga fili. Aikin yini guda, a yaga shi cikin ƙiftawar ido. Shugabarmu wata dattijuwa ce, Dulcie, mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Ranar da na fara zuwa ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne abokin Tarakta? To, ɗan ƙauye, nan ba shingen tumaki muke ɗaurewa ba. Cire takalmi, ka durƙusa, ka riƙe nan."

Rowan bai taɓa zama tauraro ba. Tauraron kulob ɗin shi ne kyaftin, Gavin Stroud, dogo, mai kyawun bugu, wanda 'yan jarida suke so. Aikin Rowan shi ne ya tsaya tsakanin Stroud da duk wanda ke son karya shi. In Stroud ya ɗauki ƙwallo ya ruga, ka duba bayansa, za ka ga Rowan ya tare mutum biyu da ƙirjinsa. Hancinsa ya karye har na daina lissafi. Shekarar da Stroud ya ci lambar gwarzon kulob, ya ɗaga ta a gaban jama'a ya ce rabinta na Tarakta ne. Rowan ya dawo gida yana ta murmushi kamar shi aka ba.

"Ka ji abin da ya ce, Mal?"

"Na ji. Ka ce ya yanko maka rabin naka mu gani."

"Kai dai baƙin ciki zai kashe ka, mai faci."

Irin Rowan ba sa samun wasa kowane mako. Yau yana cikin manya, gobe an mayar da shi ƙungiya ta biyu, jibi yana jinya. Shi ya sa kowane wasa da ya buga da manya yake ƙirga shi, domin abu biyu ne ke jiran wanda ya cika wasa ɗari a kulob ɗaya. Na farko, a rubuta sunansa da fenti a ƙofar kabad ɗin da yake ajiye kayansa, a ƙarƙashin lambar rigarsa, ya zauna nan har abada. Lambar Rowan talatin da takwas ce, ƙofar kuwa fes take, ba wanda ya taɓa daɗewa da wannan lamba har ya bar suna. Na biyu ya fi girma. A ƙwallonmu, matashi ba ya zaɓar kulob. Ranar rabon matasa kulob-kulob ke zaɓa bi da bi, duk inda aka kira sunanka can za ka tafi, ko da ƙarshen ƙasa ne. Amma in ubanka ya buga wa kulob wasa ɗari, wannan kulob yana da haƙƙin ɗaukarka kafin kowa. Lokacin Rowan ya auri Maree, sun haifi Angus. Yaron ko tafiya bai gama iyawa ba yake rungume ƙwallo ya kwana da ita.

Rowan ya haura wasa saba'in lokacin da wani kulob na Adelaide ya neme shi, da alƙawarin wasa kowane mako. A shekarar ne Stroud ya daina buga ƙwallo aka naɗa shi koci. Da kansa ya zo gidan Rowan, ina nan zaune. Ya ɗauki Angus ya ɗora a cinya.

"Ina za ka, Tarakta? In ka tafi can daga ɗaya za ka fara ƙirga. Zauna ka cika ɗarinka. Ni zan riƙe gwangwanin fentin da hannuna. Wannan ɗan ƙaton kuma talatin da takwas zai sa, ko ba haka ba, Angus?"

Rowan ya zauna.

Bayan shekara biyu, ana dab da ƙarshen kakar wasa, yana da wasa casa'in da bakwai, gwiwarsa ta hagu ta lalace. Likita ya ce a yi aiki yanzu, ya huta, badi ya dawo lafiya. Amma kulob yana neman gurbin wasannin ƙarshe, kuma masu tsaron baya sun ƙare, duk suna jinya. Stroud ya kira shi ofis. Saura wasa uku, in ji shi, ka buga mana su da allura, na ukun shi ne ɗarinka, a filinmu, a gaban mutanenmu. Sai a yi aikin bayan nan.

Ya buga biyu. Kafin kowanne a zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar, a danna masa allurar kashe zafi. Duka biyun aka yi nasara. Bayan na biyun ni na ɗauke shi a mota, da ƙyar ya iya lanƙwasa ƙafar ya shiga. Yana gumi, yana dariya.

"Saura ɗaya, mai faci. Ka gaya wa Dulcie ta rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Babata ba ta gani sosai."

Ranar Alhamis da yamma muka taru a zauren wata makaranta muna haɗa labulen. Ba mu taɓa yin mai kyawunsa ba. Koriyar takarda, farin rubutu, TARAKTA a sama, 100 a tsakiya, kowace lamba ta fi ni tsawo. A ƙasa Dulcie ta yanka 'yar ƙofa daidai tsayin Angus, don al'ada ce mai cika ɗari ya ratsa labule riƙe da hannun ɗansa. Mutanen Wirrabil sun riga sun yi hayar bas. Alhamis ce ranar da ake sanar da waɗanda za su buga, don haka rediyo na kunne a kan taga. Mai labarin wasanni ya karanto sunayen da aka shigar, sannan waɗanda aka cire. Nuske, an ajiye shi.

Kowa ya daina aiki. Ƙarar salatif ɗin da wani yake ja ita ce ta tsaya a ƙarshe. Dulcie ta tashi daga durƙuson da take, ta je ta kashe rediyon.

"Ku naɗe shi," ta ce. "A hankali. Kada wanda ya taka."

Wani matashin mai tsaron baya ne ya warke, Stroud ya ga ya fi Rowan gudu. Rowan ma a rediyo ya ji, yana wanke wa Angus kai. Ba wanda ya buga masa waya. Washegari ya je ya sami Stroud, ya ce ko a benci a sa shi, minti biyar ma ya isa a ƙirga masa. Stroud ya dafa kafaɗarsa ya ce wasan ya fi ƙarfin a yi kara, amma wasan farko na badi nasa ne, ya rantse. Ranar Asabar muka ɗaga wani labule da muka harhaɗa a gurguje, ba sunan kowa. Bas ɗin Wirrabil ya zo duk da haka, don an riga an shirya. Suka zauna a sanyi suna kallon Rowan cikin kwat a gefen fili.

Da kaka ta ƙare aka yi masa aikin gwiwa. Likitan ya ce wasa biyun nan sun cinye abin da ya rage a ciki. Yana kan sanduna aka kira shi ofis aka ce ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Stroud bai ma shiga ɗakin ba, wani jami'i ya aiko. Kulob ɗin Adelaide kuwa ya daɗe da samun wani.

Ni na ɗauki labulen daga zauren makarantar na sa a bayan motata. Dulcie ta gan ni, ba ta tambaye ni ba.

Rowan ya koma Wirrabil, ya kama aikin awo a rumbun alkama. Ba da daɗewa ba ni ma na koma na buɗe shagona. Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Gwiwa ta hana shi barci, ya fara sha don ya samu ya runtsa, daga baya ya riƙa sha ba don komai ba. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, shiru kawai yake yi, irin shirun da ke cika gida har mutum ya rasa wurin zama. Maree ta yi haƙuri iyakar iyawarta, sannan ta ɗauki Angus ta koma Horsham. Tafiyarsu ce ta farkar da shi. Ya daina sha, ya karɓi horar da yaran gari, duk Asabar kuma ya tuƙa mota ya je ya kalli wasan Angus. Yakan tsaya can nesa a jikin shinge, ba ya ihu kamar sauran iyaye. In an tashi sai ya ce wa yaron abu ɗaya tak, ya saya masa tsiren nama a burodi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai daina son kulob ɗin ba. Yana da wani tsohon mayafin wuya kore da fari da babarsa ta saƙa masa. Duk ranar wasansu sai ya naɗa shi, ya zauna gaban talabijin yana yi musu addu'a. Ni kuwa tun daga waccan Alhamis ban sake taɓa takardar labule ba.

"Mutanen da suka ci ƙafarka suka jefar da kai, su kake wa wannan?"

"Kulob ba Stroud ba ne, Mal."

"To waye? Fentin bango?"

"Dulcie ce. Kai ne, kafin ka zama tsohuwa mai mita. Matsa, ka tare mini talabijin."

Angus ya tashi dogo, da hannun ubansa da gudun da ubansa bai taɓa samu ba. Yana sha bakwai kowane kulob ya san sunansa. Da Rowan ya cika ɗari, da ba wata magana, yaron zai tafi Melbourne, tafiyar rabin yini a mota, uban ya riƙa zuwa duk mako. Saboda wasa ɗaya, sai ya shiga rabo kamar kowa.

Lokacin Stroud ya zama babba a ofishin kulob, shi ke da ta cewa a kan ɗaukar matasa. Ya zo Wirrabil da mutanensa biyu. Rowan ya share gida, ya gasa cinyar rago, ya roƙe ni in zo kuma in kama bakina. Stroud ya yi furfura amma muryar tana nan. Ya ce abin da ya faru a da yana damunsa, ga damar gyarawa ta zo. Suna da zaɓe da wuri, in Angus yana nan lokacin da layi ya zo kansu, nasu ne.

"Talatin da takwas tana jiransa, Tarakta. Na faɗa tun yana cinyata."

Da suka tafi na ce wa Rowan kada ya yarda. Ya ce mutum yana canzawa.

Ranar rabon muna falonsa, shi da Angus da Maree da ni. Layi ya zo kan kore da fari, Angus yana nan ba wanda ya ɗauka. Suka kira sunan wani yaro daban. Kulob na gaba, na Perth, ya kira Angus Nuske. Perth tana can ɗaya bakin ƙasar, sai an yi tafiyar mota zuwa birni sannan a hau jirgin sama na sa'o'i. Rowan ya tashi da ƙyar, ya rungume ɗansa, ya ce masa kulob ne mai kyau, ya yi alfahari da shi. Sannan ya warware mayafin daga wuyansa, ya fita baranda, ya shimfiɗa wa karensa a kwando.

Na ji daɗin ganin haka, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka ya warke ke nan.

Angus ya yi suna a Perth. Yana kiran ubansa kullum, yana aiko masa da tikiti, amma zaman jirgi yana kumbura wa Rowan gwiwa, sau ɗaya ko biyu yake iya zuwa a shekara. Sauran a talabijin yake ganin ɗansa, ya matso da kujera dab da gilashin. Ya rame, ya fara mantuwa. Wata rana na same shi tsaye a shagona ya rasa abin da ya kawo shi. Ya yi dariya ya ce duke-duken da ya sha saboda Stroud ne suka fara zuwa karɓar bashinsu.

Ranar wata Juma'a da safe ya je filin gari yana zana layuka da farar ƙasa saboda wasan yara na washegari. Mai yankan ciyawa ne ya hango shi kwance a tsakiyar fili, keken farar ƙasar a gefensa. Zuciya ce, in ji likita. Shekararsa hamsin da biyu. Angus yana atisaye aka gaya masa, bai iso ba sai washegari.

Da muka shiga ɗakinsa neman kayan da za a sa masa, sai ga mayafin a rataye a bayan ƙofa, an wanke shi tas, an ɗinke inda kare ya tauna. Maree ta ce ya taɓa gaya mata, in ya mutu a sa masa shi. Na fita waje na zauna a kan matakala na daɗe.

Stroud ya zo jana'iza da baƙar mota, riƙe da riga mai lamba talatin da takwas a cikin gilashi. A ƙofar coci ya nemi Angus ya ba shi dama ya yi 'yar magana a madadin kulob. Angus ya ce a'a, ya gode. Ni na tare Stroud a gefe. Ban ɗaga murya ba.

"Gwangwanin fentin fa, Gavin? Ka ce da hannunka za ka riƙe."

Ya kalli takalminsa. "Ka san ƙa'ida, Mal. Ɗari ce. In muka buɗe wa mutum ɗaya, gobe masu casa'in da takwas za su zo. Amma ranar Asabar yara za su ɗaura baƙin ƙyalle a hannu."

A garinmu, ɗan ƙwallo in ya mutu sai an zagaya da shi fili kafin a kai shi makabarta. Tun da safe na gaya wa Angus abin da ke rufin garejina. Ya ce, "Kawu Mal, da ƙofar tawa a jiki?" Na ce tana nan.

Muka warware shi a kan ciyawa. Koren ya koɗe ya koma kalar busasshen ganye, ɓeraye sun cinye gefe guda, salatif ya yi ja ya bushe. Amma TARAKTA yana nan, 100 yana nan. Wani ya tambaya ko a gyara lambar. Angus ya ce kada wanda ya taɓa. Aka kawo Dulcie daga gidan tsofaffi a keken guragu, bargo a cinyarta, tana ba da umarni kamar jiya muka rabu.

"Ɗan ƙauye, sandar hagu ta karkace. Har yanzu ba ka koya ba?"

Iska tana kaɗawa, hannu bai ishe mu ba, igiya ɗaya tana lilo ba mai riƙe ta. Na ga Stroud ya ajiye gilashinsa ya nufo ta. Na riga shi. Na ɗauki igiyar na kai wa Dulcie, ta naɗe ta a hannunta.

Angus ne a gaba, da tsofaffin abokan wasan ubansa na gari, akwatin a kafaɗunsu. Ba gudu suka yi ba, a hankali suka taho, irin tafiyar mai shi. Takardar ta tsufa har ba ta yi ƙara ba. Ta buɗe kawai, gutsattsarinta suka zubo a kan akwatin da kan Angus, suka wuce da shi cikin fili.

Ranar Asabar na kunna talabijin, abin da na daɗe ban yi ba in kore da fari ke wasa. Sun ɗaura baƙin ƙyallen. Mai sharhi ya ce na tunawa da Rowan Nuske ne, wanda ya buga wa kulob wasa casa'in da tara, sannan alƙali ya buga ƙwallo a ƙasa aka ci gaba. Yaron da ke sanye da talatin da takwas ba a haife shi ba lokacin da Rowan ya bar gwiwarsa a wannan fili. In ya koma ɗakin canza kaya, ƙofar kabad ɗinsa fes take.

Mayafin yana wuyan Rowan. Ni na naɗa masa, don Angus ya kasa. Na tsani kalar nan har cikin raina, amma na gyara masa shi sosai, na cusa bakinsa cikin kwat yadda yake yi in ana sanyi.